Inji Ya Yi Zafi Ya Ƙi Tashi? Da Zafinsa Ake Gano Cutar

  

Yau hirar tamu ta ƙarfe ce. Akwai kukan da ya yi yawa a bakin masu babur da aboboya da pragya, daga Aboabo har Asawase, musamman in zafin Fabrairu da Maris ya kankama. Da asuba mashin zai tashi da bugu ɗaya. Yaro ya ɗauki buhunan albasa daga Kwadaso, ya kai inda aka aike shi, ya kashe inji a sauke kaya. Ya zo tayarwa, mashin ya ce bai san zancen ba. A danna sitata har batir ya fara nishi, a buga kik har gwiwa ta yi sanyi, shiru. Sai an ba shi kamar rabin awa ya huce, sannan ya tashi kamar ba shi ya yi taurin kai ɗazu ba.

Wani zai ce ƙaramin abu ne, tunda dai yana tashi daga baya. To a lissafa. Rabin awa sau huɗu a yini awa biyu ke nan, lodi biyu ko uku sun wuce. Mai tumatir ba za ta jira ka ba, gobe wani za ta kira. Abin da ya fi asarar lodi ciwo shi ne abin da ke shiga tsakanin maigida da yaronsa. Da yawa cikinmu mun sayi aboboya mun ba ɗan ƙane ko ɗan maƙwabci a kan ya riƙa biya sati-sati har ta zama tasa. Yaro ya zo da kuɗi bai cika ba, ya ce inji ne ke ƙin tashi. Alhaji ya fito da safe ya danna da hannunsa, ta tashi garau. Daga nan sai zargi: ko yana kwana a inuwa, ko yana ɓoye ciniki. Na ga zumuncin da ya yi rauni a kan wannan, alhali yaron gaskiya ya faɗa, Alhajin ma abin da ya gani da idonsa ya faɗa. Cutar ce ba ta fitowa da safe.

Ni ba fita ba ne, ɗan kasuwa ne. Amma wanda ya daɗe yana biyan kuɗin gyara, yana tsugunawa gefen masu gyara yana tambayar me ya sa, dole ya tsinci wani abu. Babban abin da na tsinta shi ne wannan: cutar da ke zuwa da zafi, da zafi ake kama ta. In ka kai mashin gareji da sanyin safiya, fita zai duba ya ga komai lafiya. Mai tsoron Allah zai ce maka bai ga komai ba. Wani kuma zai fara canje-canje a kan zato: yau fulogi, jibi kafireta, mako mai zuwa CDI. Suame Magazin cike take da kayan gyara, layi bayan layi, ba za ka taɓa rasa abin saya ba. Aljihunka ne zai ƙare kafin kayan su ƙare.

Abu uku inji ke nema

Kowane injin fetur, ko na Boxer ne, ko na Haojue, ko na Apsonic, ko ɗan janareto na bayan shago, abu uku yake buƙata kafin ya tashi. Na farko abinci, wato fetur da iska a gauraye daidai, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Na biyu wuta, wato tartsatsin da fulogi ke bayarwa. Na uku matsi, wato ƙarfin da fistin ke danne wannan gaurayen da shi kafin wuta ta kama. In inji ya ƙi tashi, ɗaya cikin ukun nan ne ya yi ƙasa. Tambaya ita ce wanne, kuma me ya haɗa shi da zafi.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Yawancin injinan nan iska ce ke sanyaya su, tana bi ta haƙarƙarin da ke jikin silinda. Kana tsayawa ka kashe, iska ta yanke, amma zafin da ke cikin ƙarfen yana nan, sai ya bazu zuwa kafireta da tiyon mai da wayoyi. Shi ya sa minti 5 zuwa 15 bayan kashewa ya fi kowane lokaci wuya. Wannan ɗan tsakanin shi ne lokacin bincikenka. Kada ka ɓata shi wajen zagin mashin.

Kayan da za ka ajiye a ƙarƙashin kujera ba su da yawa: sifanar fulogi, sabon fulogi guda ɗaya na ajiya, tsumma, da wayar hannunka don ɗaukar bidiyo.

A fara da mai

Kafin ka kwance komai, sunsuna. In warin fetur ya yi yawa, ko ka ga yana ɗiga daga ɗan tiyon da ke ƙasan kafireta, to inji ya sha mai ya ƙoshi har ya shaƙe. Inji mai sanyi yana son mai da yawa, dalilin cok ke nan. Inji mai zafi kuwa kaɗan yake so. Fetur yana da sassa masu sauƙi da ke fara tafasa tun kafin zafi ya kai digiri 40, ka ga ke nan kafiretar da ke manne da inji mai zafi tana iya cika hanyar iska da tururin mai. In kuma allurar da ke tsayar da mai a kwanon kafireta ta cinye ko datti ya tokare ta, mai zai yi ta zuba ciki muddin mashin yana tsaye.

Gwajin ba ya cin ko fesuwa. Tabbatar cok a kashe yake. Rufe famfon mai, buɗe totur har ƙarshe ka riƙe shi haka, ba murɗawa da saki ba, sannan ka tayar. In ya yi tari, ya kama, ya fitar da baƙin hayaƙi ya daidaita, ka gano inda matsalar take: mai ne ya yi yawa. Sai a duba allurar, a duba ko wayar cok tana maƙalewa, a kuma wanke ko a canja matatar iska. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe matatar nan, iska ta ragu, mai ya rinjaya. Ka koya wa yaro ya riƙa rufe famfon mai duk lokacin da zai tsaya sauke kaya. Wannan kaɗai ya raba wasu da matsalar.

Akwai kuma kishiyar haka, wato yunwa. Murfin tanki yana da ɗan ƙaramin rami da iska ke shiga ta maye gurbin man da aka sha. In ya toshe, mai zai daina gangarowa bayan an yi tafiya mai ɗan nisa. Buɗe murfin ka kasa kunne. In ka ji ya ja iska, fuuu, kuma bayan minti ɗaya mashin ya tashi, to ramin nan ne, allurar ɗinki ta ishe shi. Duba kuma inda tiyon mai ya bi. Sau da yawa bayan wani gyara sai a mayar da shi yana gogar silinda ko kusa da salansa, man ciki ya zama tururi, kafireta ta rasa abin sha. A ɗaga shi a ɗaure nesa da zafi.

In ana son tabbaci, a bar inji ya ɗan sarara, a kwance fulogi a hankali da tsumma. A hankali na ce, domin kan silinda alminiyom ne, in aka yi masa ƙarfi da zafi zaren ramin yana iya lalacewa. Fulogi jiƙe ko baƙi ƙirin da toka, mai ya yi yawa. Busasshe fari fat, mai bai isa ba, kuma injin yana ƙonewa a tsaye. Launin ƙasa-ƙasa kamar na soyayyen ƙosai, lafiya lau.

Sai wuta

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane, domin kayan wuta sun iya munafunci. Kwayil da maganeto siririyar wayar tagulla ce aka naɗe ɗaruruwan zagaye aka shafe da wani irin fenti. In sun tsufa, wayar takan tsage a wani wuri da ido ba ya gani. Da sanyi bakin tsagar yana haɗe, wuta tana wucewa. Da zafi ƙarfe ya buɗe, tsagar ta rabu, wuta ta ɗauke. Ya huce, ta koma ta haɗe. Haka shi ma ɗan baƙin akwatin nan na CDI yake yi in ya fara gajiya. Ko da mita aka auna su da safe, lamba mai kyau za su nuna.

Ga amfanin fulogin ajiya. A lokacin da mashin ya ƙi tashi, zare hular fulogi, sa sabon fulogin a cikinta, jingina gindinsa na ƙarfe a jikin inji, wani ya tayar kana kallo. Riƙe ta robar da busasshen tsumma, kada ka riƙe ƙarfen, don wutar tana fizga. Kada a yi gwajin kusa da inda mai ya zuba, kada kuma mai sigari ya matso. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙara, tas-tas-tas, wuta lafiya take, ka bar ta ka nemi cutar a wani wuri. In ja ne mai rauni, ko babu gaba ɗaya, ɗauki bidiyo. Jira ya huce ka sake gwadawa. In wuta ta dawo da sanyi, ka kama ɓarawonka hannu dumu-dumu.

Ko a nan ma kada a fara da mai tsada. Fulogi shi ne mafi araha, a fara da shi, a kuma duba tazarar bakinsa, wadda a yawancin ƙananan injinan nan take tsakanin milimita 0.6 da 0.8. Sai hular fulogi, sai wayar da ke ɗaure a jikin firam, wadda tsatsar damina kan ci. Bayan su kwayil, sannan CDI, maganeto a ƙarshe. Fita nagari zai ɗauko nasa da ya san yana aiki ya gwada maka a kan injin da zafinsa kafin ya tura ka saye. Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. In ka canja uku tare matsalar ta tafi, ba ka san wanne ne mai laifi ba, ka kuma jefar da biyu masu lafiya.

Wani lokaci wutar fulogi ƙalau take, sitata ce ke juyawa da kyar in ta yi zafi, kamar mai ciwon baya. In kik yana tayar da mashin amma sitata ba ta iyawa, to inji ba shi da laifi. A auna batir: cikakke yana nuna wajen bolt 12.6 a tsaye, in inji yana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. A goge kawunan batir, a duba gawayin cikin sitata.

Matsi, inda sakaci ke tsada

In mai daidai ne, wuta kuma shuɗiya, saura matsi. Ƙafarka ma tana iya gaya maka. Buga kik da safe ka ji nauyinsa, ka sake bugawa da zafi. In da zafi yana faɗawa sakwaf kamar ba komai a ciki, matsi yana zurarewa.

Wanda aka fi samu da laifi shi ne bawul. Bawul biyu ne a yawancin injinan nan, ɗaya na shigar mai, ɗaya na fitar hayaƙi, kuma kowanne ana bar masa 'yar tazara da ba ta wuce kaurin takarda ba, wajen milimita 0.05 zuwa 0.10, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta. An bar ta ne saboda ƙarfe yana ƙara tsawo in ya yi zafi. Da tsufa bawul yakan ƙara nutsewa a mazauninsa, tazarar ta ragu har ta ƙare. Da sanyi yana rufewa da kyar, da zafi ya miƙe ya kasa rufewa, matsi ya gudu ta nan.

Mutanenmu suna son inji mai shiru. Wani ma shi zai ce wa fita ya ɗaure bawul don ya daina jin ƙas-ƙas. Kuskure ne babba. Ɗan ƙas-ƙas kaɗan ba ya kashe inji, shirun ne abin tsoro. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. In bai zauna ba, wuta za ta yi ta bi ta gefensa har ta cinye bakin. Gyaran da zai ɗauki minti 20 ba tare da sayen komai ba sai ya koma sauke kan silinda. Wannan gyaran da sanyi ake yin sa, inji ya kwana bai yi aiki ba. Ka tsaya ka ga an sa siraran ƙarafan awo masu lamba. Fitan da ya ce da kunne yake saitawa, ka gode masa ka tura mashin ɗinka gaba.

In bawul daidai yake amma matsi babu, maganar ta koma kan ringi da silinda. Baƙin mai da sanyi yana da kauri, yana toshe giɓin da ringi ya bari. Da zafi ya tsinke kamar ruwa, giɓin ya bayyana. Alamominsa shuɗin hayaƙi, da shan baƙin mai, da rashin ƙarfi a hawa. Akwai gwajin da tsofaffin masu gyara ke yi: a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi a sake auna matsi. In ya ƙaru sosai, ringi ne. In bai motsa ba, bawul ne ko gasket. Sai an kai nan ake maganar buɗe inji, ba tun ranar farko ba.

Me ya sa yake zafi haka tun farko?

Wannan tambayar ta maigida ce, ba ta yaro ba. Aboboya mai inji 150 ko 200 ba Daf ba ce. In aka lafta mata kayan da ya fi ƙarfinta, tana tafiya da giya ɗaya cikin cunkoson Kejetia ko Tafo, inji yana ihu iska ba ta ratsa shi, dole ta gasu. Taɓon damina in ya bushe a tsakanin haƙarƙarin silinda kamar an lulluɓe ta da bargo ne, a kankare shi. A duba baƙin mai kowace safiya, domin a injin da iska ke sanyayawa man ma yana ɗaukar zafi. Masu aboboya mai lagireta su duba ruwa da fanka, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireta da zafi, ruwan yana tsalle ya sale fuska.

Sai al'adar nan ta fasa ledar ruwan sanyi a kan inji don ya huce da wuri. Na san tana aiki wani lokaci, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Amma ƙarfe mai zafi in ya gamu da ruwan sanyi farat ɗaya yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. Tura shi inuwa ka jira. Haƙurin minti 15 ya fi sayen sabon kan silinda.

Hajiyoyi masu janareto don firijin zoɓo da ƙanƙara, da masu injin markaɗe, wannan hirar da ku ake yi. Tun dumsor na 2015 gidaje da yawa suka ajiye janareto, kuma yanzu duk sun tsufa. Matakan ɗaya ne: mai, wuta, matsi. Ƙari guda shi ne yawancin janareto masu wurin zuba baƙin mai daban suna da na'urar da ke yanke wuta in man ya yi ƙasa, don haka a fara duba ma'aunin, a kuma ajiye shi a wuri mai daidai, ba a karkace ba. Shi kuwa ɗan ƙaramin nan da ake gauraya masa mai cikin fetur, in aka cika masa man, fulogi ne ke toshewa. Kada kuma a saka janareto cikin ɗaki ko lungu rufaffe. Bayan zafin da zai yi, iskar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.

Ga mai shirin sayen na hannu, mai sayarwa zai so ka zo da safe, ya danna maka sau ɗaya ka ji daɗi. Ka ji tashin safen, yana da amfaninsa, amma kada a tsaya nan. A hau a yi tafiyar rabin awa, da kaya in zai yiwu, a kashe, ku sha shayi na minti 10, sannan a sake tayarwa. In ya fara kawo uzuri yana duba agogo, ka riƙe kuɗinka. Kada ka rabu da mai ciwon da ka sani ka ɗauko wanda ya fi shi, a sayar da biri a sayi kare.

Kai kuma Alhaji mai mashin, kafin ka yanke wa yaro hukunci, ware yini guda ka bi shi lodi ɗaya da tsakar rana, ko ka ce ya kira ka a daidai lokacin da ya ƙi tashi. Gani ya kori ji. Kai ma yaro, kada ka tsaya a kan "ya ƙi tashi" kawai. Kawo bayani: bayan tafiyar minti nawa, akwai warin mai ko babu, wuta shuɗiya ce ko babu, kik da nauyi ko sakwaf. Da amsoshin nan huɗu, ko wane fita ka je wa ya san ba baƙo ya samu ba, kuma rabin aikin an riga an yi.

Wanda ya gwada matakan nan, ya rubuto mana abin da ya tarar da irin injinsa, don wasu su ƙaru. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana yaranmu a kan titi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.